Layi na Goma Sha Bakwai

Wata sabuwar injiniya ta duba na'urar da ke rarraba hoton kyamarar ƙofa a wani bene da ke unguwar Alsawra. Ɗakin mai gadi kaɗai aka ba izinin kallo, amma ga layi na goma sha bakwai yana karɓar hoton shekara biyu cur, tun farkon yaƙi. Ɗan leƙen asiri! Nan take ta toshe shi.

Ba ta gama naɗe wayoyinta ba, sai ga wata tsohuwa ta sauko tana haki.

"Ya bitti, 'yata, ƙofar ta ɓace daga talabijin ɗina. Ɗana ne ya haɗa mini ranar da ya fita sayo burodi. Ya ce in zuba ido, zan ga shigowarsa."