Tattasai Mai Tabo

Tanimu, ɗaga kanka ka dube ni. Don ka ware kajinka shida ka yanka ka binne ranar da ka ga sun fara gyangyaɗi, shi ne kake yawo kai a sunkuye wai 'yan unguwa suna yi maka dariya? Dariyar banza. Gyara zama in ba ka misali.

Wani manomi ne a bakin fadama, yana da irin tattasai da ya gada wajen mahaifiyarsa. A gora take ajiye shi cikin toka, shi ma haka ya ci gaba da yi. Tattasan ba shi da wani kyan gani, 'ya'yansa ƙanana, a kasuwa sai an gama ɗiban na wasu ake waiwayarsa. Maƙwabtansa kuwa duk sun koma wani iri mai faɗin ganye, kore shar. To a fadamar nan akwai doka tun ta kaka da kakanni: duk shukar da aka ga tabo a ganyenta, a tuge ta a ƙona, wanda ya ƙi kuma a tsallake shi a rabon ruwa. Dokar ba ta wofi ba ce, ta sha cetonsu. Wata shekara, sati uku bayan dashe, cuta ta shigo, irin mai bin hannu da fartanya daga fangali zuwa fangali. Aka wayi gari ganyen mutumin nan duk ɗigo-ɗigo, busassu, kowanne kamar ƙwayar gero, na maƙwabta kuwa ko ƙwarzane babu. Ai kuwa suka yi masa ca. Suka ɗauko sarkin noma, aka ba shi kwana uku ya share gonarsa. Ga shi a shekarar ya juye gorar kaf a wajen reno, in ya tuge, irin uwarsa ya ƙare ke nan a duniya. Ransa ya ɓaci ƙwarai, tsoro ma ya ji shi, amma bai tsaya surutu ba. Ya samo jan zare ya ɗaura a ganye goma masu tabo, kullum da safe ya tsuguna ya auna tabon da farcensa. Kwana uku tabo bai ƙaru ba, sabon tofon da ke fitowa a sama kuma lafiya lau. Da suka dawo ya tsaya a bakin gonarsa ya ce, "Ko ɗaya ba zan tuge ba. Ruwanku kuwa ku riƙe abinku." Suka toshe masa hanyar ruwa da laka. Shi da matarsa suka koma ɗauko ruwa daga rafi da jarka, wata guda cur, har kafaɗarsa ta saɓule. Masu wucewa suna cewa ga mai jinyar gawa.

Ka san abin da ya faru a cikin ganyen nan? Masu binciken tsirrai, waɗanda ke leƙa abin da ido ba ya gani, sun ce ganye ɗakuna ne ƙanana birjik, a cikinsu kuma akwai masu gadi. Wani iri mai gadinsa ya san fuskar ɓarawo, wato cutar, wani bai sani ba. Wanda ya sani, da cuta ta sa ƙafa, ba ya tsayawa kiran gayya. Shi da 'yan uwansa masu gadi suke haɗuwa su huda bangon ɗakin, ɗakin ya mutu da su da ɓarawon a ciki, ɗakunan kusa su ji labari su ja ɗamara. Cutar nan kuwa ba ta rayuwa sai a ɗaki mai rai, don haka nan take tsayawa. Wannan busasshen ɗigon da maƙwabtan suke yi wa tofin Allah tsine, kabarin cutar ne. Tabon da ke faɗaɗa daban, tabon da ya tsaya cak daban, amma su ba su taɓa tsugunawa sun auna ba, tugewa kawai suka iya. Nasu mai kyan ganin, da baƙuwa ta shigo shimfiɗa ya yi mata, ta bi jijiya ta zaga ko'ina ba wanda ya ce mata kanzil. Kafin fure ya gama zuba ganyen ya murɗe, ya yi rawaya-rawaya, shukar ta tsugune, 'ya'yan da suka fito duk a karkace. Gonaki ashirin da wani abu, ba wanda ya cika kwando.

Shi kuwa mai taurin kai ya yi tsinka har sau biyar, tsoffin ganyayen nan masu tabo suna nan a ƙasa da jan zarensu. Da kaka ta yi, waɗanda suka toshe masa ruwa su ne suka zo ƙofar gidansa ɗaya bayan ɗaya, kowa da 'yar gorarsa, ana ta kame-kamen gaisuwa. Bai hana kowa ba. Sai dai duk wanda ya zuba wa iri a tafin hannu sai ya dube shi ya ce, "Baɗi in ka ga tabon, ka gaishe shi."

Kajin nan shida da ka binne su ne naka tabon, a kansu cutar ta tsaya. Saboda haka kai ma je ka duba sauran kajinka arba'in suna kiwo, mai dariya ka bar shi da haƙoransa. Hausawa ba su faɗa a banza ba: kowa ya ƙona rumbunsa, ya san inda toka take tsada.