Ƙamshin Lalle a Ƙofar Kasuwa

Tun da aka hana shuka a cikin birni ake duba farcen kowa a ƙofar kasuwa. Duk wanda aka samu da ƙasa a farce, ba ya komawa gida.

Lantana ta shiga layi. Ita ce ke cusa irin yakuwa a tsagogin bangon gada, har ganyen ya fito da siffar tsuntsu, masu wucewa na satar kallonsa. Don a rufe ƙasar farcenta, kakarta ta ƙunsa mata lalle daga ɗan itacen da suke reno a ɓoye cikin tsohuwar randa.

Ma'aikaciyar ƙofa ta juya hannunta. "Amarya ce? Irin wannan ja haka!"

"A'a, Yaya. Kwalliya ce kawai."

Matar ta yi dariya, ta kai hannun kusa da hancinta. Nan take dariyar ta ɗauke. Lallen kwalba na kanti ba ya ƙamshi.

"Rabona da wannan ƙamshin tun innata na da rai," ta ce a hankali. "Ɗanyen ganye ne."

Lantana ta ja hannunta, matar ta ƙi saki.

"Wa ya ƙunsa miki, ƙanwata?"