Na'urar da Aka Wanke ta Ci Hanjin Issahaku

Issahaku ɗan kasuwar hatsi ne a Bawku. Yana kan hanyar kai gero Salaga ciwon ciki ya kayar da shi a Yendi, direba ya kai shi wani asibitin kuɗi. Aka ce hanjinsa ya murɗe, sai an yanke wurin da ya lalace an haɗa sauran.

Akwai wata na'ura da likitoci ke haɗa hanji da ita. Tana matse bakunan hanjin biyu da aka yanke, ta danna ƙananan ƙusoshin ƙarfe. Mutum ɗaya ake yi wa aiki da ita, sai a jefar. Mai asibitin nan kuwa ba ya jefarwa. Yana sa a wanke ta, a mayar cikin leda kamar sabuwa.

Kwana biyar bayan tiyata, zazzaɓi ya rufe Issahaku, cikinsa ya kumbura ya yi tauri. Matarsa Ayishetu, wadda ta taso daga Bawku jinya, ta ɗaga bandejin. Wari ya buge ta. Ruwan kashi ne da mugunya ke tsatsowa daga ɗinkin. Ta fita da gudu ta yi amai a bakin ƙofa.

"Haka yake yi, Hajiya, a ba shi lokaci," in ji mai asibitin, hankici a hancinsa.

Wata nas mai suna Hikmat ta ja Ayishetu gefe. "Mma, ku ɗauke shi yau. Shi ne na huɗu da aka yi wa aiki da na'urar nan. Da hannuna na kankare naman wani daga bakinta."

"Kin gani, kuma kika miƙa wa likita?"

Hikmat ta sunkuyar da kai. "Na ji tsoron kora ne."

Ayishetu ta dube ta daga sama har ƙasa, ta tofar da yawu, ta tafi neman mota.

A babban asibiti aka sake buɗe cikin. Ƙusoshin sun lanƙwashe, sun murtsuke hanjin maimakon su riƙe shi. Naman ya yi baƙi ya ruɓe, ƙazanta ta malale ko'ina. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma kwana biyu tsakani Issahaku ya cika. Ranar da aka binne shi, asibitin kuɗin nan a buɗe yake, mutane na zaune a kan benci suna jiran a kira su.

Jama'a, zazzaɓi, kumburi ko wari bayan tiyatar ciki ba abin jira ba ne, a garzaya babban asibiti nan take. Ma'aikacin lafiyar da ya ga ha'inci ya yi shiru kuwa, da hannunsa aka yi kisan.