Lallen Da Ya Shiga Hoto

Hajiya, tunda kin ce za ki saya wa 'yarki waya, zauna ki ji misalin da nake ba iyaye kafin in koya wa yaransu danna komai.

Wasu 'yan mata biyu ne a aji biyu na ƙaramar sakandare, benci ɗaya suke zama, kwano ɗaya suke ci a lokacin tara. Ɗaya 'yar mai shago ce, ba ta rasa komai ba, har waya gare ta mai kyau. Ɗayar 'yar mai suyar awara ce a bakin titi, ba ta da komai sai kai mai ja da hannu mai iya zanen lalle. Ana jajibirin Sallah ta zaunar da ƙawarta ta zana mata lalle kyauta, a gindin babban yatsa ta yi mata wani ɗan reshen dabino da ɗigo a ƙarƙashinsa, ta ce wannan ba ta yi wa kowa sai aminiya. Da aka dawo hutu, sai shugabar makaranta ta tsaya gaban taro ta ce 'yar mai awara ce za ta wakilci makaranta a gasar muhawara. Aka yi ta tafi. 'Yar mai shago ma ta tafa, amma abin ya tsaya mata a wuya kamar ƙayar kifi. Ita da ta kwana tana haddace jawabi a gaban madubi? Ita da take ara wa yarinyar nan biro? In malami ya yabi ƙawar, sai ta ji kamar ita aka zaga. In 'yan aji suka kewaye ƙawar suna tambayar yadda ake buɗe muhawara, sai tuwon gidansu ya ƙi haɗiyuwa da yamma. Hassada ce tsagwaronta, ta kuma san hassada ce, amma sai ta riƙa gaya wa kanta wai ita gaskiya take nema.

Rannan da la'asar ta biyo ta bakin titi, ta hango ƙawar durƙushe gaban murhun uwarta tana hura wuta, zani koɗaɗɗe, fuska duk toka, silifa ɗaure da leda. Sai ta laɓe bayan wani keken haya da aka ajiye, ta dafa ƙarfensa da hannun hagu, ta ɗauki hoto da na dama. Tana isa gida ta buɗe sabon shafi da sunan bogi, ta sa hoton fure a madadin fuskarta, ta jefa hoton a dandalin da 'yan makarantar ke taruwa, ta rubuta a ƙasa: ga sarauniyar toka da za ta wakilce mu. Nan da nan dariya ta fara zubowa. Wannan ya tura wa wancan, wancan ya tura wa 'yan wata makaranta. Ta kwanta rigingine tana kallo, zuciyarta fara ƙal, a ganinta babu wanda zai taɓa sanin ita ce, tunda fure ba ya magana. Daɗin bai kai magariba ba. Wani mai idon tsiya ya buɗa hoton ya ƙara masa girma, ya tambaya hannun wa ke riƙe da ƙarfe a gefe. Ta duba. Ga babban yatsanta nan a kusurwa, ga reshen dabino, ga ɗigo, raɗau kamar yau aka zana. Ta yi maza ta goge hoton, ta rufe shafin gaba ɗaya. Ina! Mutum nawa suka riga suka adana shi a wayoyinsu? Ta koma bayan ɗaki ta dirje hannun da lemun tsami, ta dirje da toka, ta dirje da sabulun wanki har fata ta yi ja, lalle ya ce yana nan daram.

Da safe ta zo aji da hannu cikin hijabi, sai ka ce mai ciwon ɗan yatsa. Ƙawar ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙara ba. Ta dube ta, ta dubi inda hannun yake ɓoye, ta ce, “Ke kaɗai na yi wa wannan zanen.” Ta ɗauki jakarta ta koma wani benci. Ta je muhawararta, ta dawo, ba ta ƙara zama kusa da ita ba. 'Yar mai shago ta ba da haƙuri, an kuma ce an yafe, amma kwanon tara bai sake haɗa su ba. Lallen ya koɗe da kansa kamar yadda kowane lalle ke koɗewa. Na cikin hoton ne bai koɗe ba. Har suka gama makarantar, duk ranar da ta yi saɓani da wata, sai a zaro hoton nan a tura, a kewaye yatsan da jan layi, ba sai an ce uffan ba.

To Hajiya, ki saya mata wayar, ban hana ba. Amma kafin ki miƙa mata, ki gaya mata cewa a cikin waya yatsa shi ne baki, kuma tun kafin a ƙera waya Hausawa suka ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.