Mai Gidan Kallon da Bai Kalli Ɗansa Ba

Sabi'u, na ji abin da ka faɗa jiya a kan 'yar ƙungiyar da ɗanka ke buga wa wasa, kuma dariyar da ka yi ba ta yi mini daɗi ba. Zauna in buga maka misali.

An yi wani mai gidan kallo a wata ƙasa, mutum mai baki, wanda bai taɓa goyon bayan ƙungiyar da za a ci ba. Duk inda ƙarfi yake, nan yake. Idan aka lallasa taka, sai ya bi ka har ƙofar gida da tsokana, ya yi mako yana yi maka ta'aziyya. To, sai Allah ya ba shi ɗa da ya ƙi ƙwallon ƙafa ya kama besbol, wasan nan da wani ke jefo 'yar ƙwallo kamar lemo, wani ya make ta da kulki ya ruga yana zagaya fili. A duk ƙasar masu yin sa ba su cika mota biyu ba. Filinsu ma makiyayar awaki ce, sai sun tsince ƙaya kafin su fara atisaye. Da gasar ƙasashe ta zo, aka ɗauki ɗan cikin 'yan wasan ƙasa, ƙuri'a kuwa ta haɗa su da ƙasar da ta fi kowa iya wasan. Ranar tafiya ya durƙusa gaban uban ya roƙi abu ɗaya: a nuna wasan a gidan kallo, uban ya zauna ya kalle shi, ko da cin kaca za a yi musu. Uban ya ce to. Amma ranar wasa, da ya ɗauki alli zai rubuta a allon ƙofa, sai ya tuno duk waɗanda ya yi wa ta'aziyya, ya ce a ransa yau za su zo su rama a kan ɗansa. Ya rubuta wasan manyan kulob na Turai, ya ƙure sauti.

Mai aski na tsallaken titi shi ya kamo tashar a 'yar talabijin ɗinsa, don kawai akwai ɗan unguwa a ciki. Bai san dokar wasan ba, masu jiran aski ma haka, amma sun san tutar ƙasarsu, sun kuma ga ƙananan nan sun ƙi faɗuwa. Bayan la'asar mutane suka fara sulalewa daga gidan kallo ɗaya bayan ɗaya, har aka bar mai shi da bencina. Yana jin ihu na tashi, girman kai ya hana shi tsallaka titin da bai fi taku ashirin ba. A jifan ƙarshe ɗansa ne ya make ƙwallon ta haye shinge, ƙasar da ba a sa a lissafi ba ta yi nasara. Har wanda aka aske wa rabin kai sai da ya fito titi. Mutanen da ya ji tsoro su ne suka zo suka rungume shi suna yi masa barka, kowa yana ba shi labarin ɗan cikinsa. Bayan magariba ɗan ya kira a waya, ya ce, "Baba, ka gani?" Uban ya hau kame-kame, har ɗan ya gane bai kalla ba. Ya ce, "Ba komai, Baba." A wasa na gaba aka fitar da su, kafaɗar ɗan kuma ta goce, bai sake riƙe kulki ba. Uban ya kalli maimaicin a waya ya fi sau ɗari, yana jiran ranar da za su yi hirar, amma ɗan bai ƙara tayar da maganar ba. Ni na san mutumin, kuma wallahi tausayi yake ba ni, don har ya tsufa in an ambaci ranar nan sai ya kawar da kai.

Saboda haka ranar Asabar ka je filin nan ka zauna inda ɗanka zai hango ka, ko ba ka gane komai ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.