Gyaran Baba

Tsohon direban ya shiga gareji sayen fulogi, sai ya hango motar 'yarsa, bonet a buɗe. Jiya-jiya ya gama da ita: ya canza baƙin mai, ya wanke kafireta, ya ɗaure fambel. Shekara uku ke nan, tun da ciwon ido ya raba shi da tuƙi, duk Asabar take kawo masa ita.

Ya raɓe bayan wata babbar mota yana jin 'yar tasa da bakanike.

"Tsohon ya sake taɓawa?" in ji bakaniken.

"Ya sake," ta ce. "Duba min komai, kamar kullum."

"Fambel sako-sako, mai ya wuce ƙima. Ki hana shi mana, kafin ya kashe miki inji."

"In hana shi ya yi me? Motar nan kaɗai ke tayar da shi daga kujera."

Ya koma gida bai sayi komai ba.

Da ta zo ranar Asabar, ya ce bayansa ke ciwo.

"To Baba, ka huta," ta ce da sauri. Idon ne ya lalace, ba kunnen ba: ya ji ajiyar zuciyarta.