Ranar da Baba Ya Ajiye Gammo

Ina 'yar shekara tara, Inna ta aike ni Kasuwar Muda Lawal in kai wa Baba abincin rana. Ɗan dako ne, mutum marar magana, ko a gida sai mu wuni ba mu ji muryarsa ba.

Na tarar da motocin masara a jere, babu mai saukewa. Shekarar komai ya yi tsada, ga shi masu kaya sun rage ladan dako, wai kasuwa ta mutu. 'Yan dako sun yi cirko-cirko, Alhajin da ke da kayan yana ta faɗa, wai duk wanda ya ƙi aiki kada ya sake ganinsa.

Baba ya matsa gabansa, ya sauke gammonsa, tsohon zanen Inna ne da gumi ya mayar baƙi.

Ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri. An rage lada, amma buhun bai rage nauyi ba."

Ya ajiye gammon a ƙasa. Na kusa da shi ya ajiye nasa, sai na gaba, sai na gaba, har gammaye suka yi layi zuwa bakin mota.

Baba ya zauna ya karɓi kwanon. Ranar na fara ganin tsakiyar kansa: babu gashi ko ɗaya, buhu ya cinye.

Yau ni malamar makaranta ce. Duk sanda ƙungiyarmu ta kira yajin aiki, tsakiyar kan nan nake tunawa, sai in ajiye alli.